Kunun Madara a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Mai zuwa sayen tuwo sai ya tsaya da kwano a hannu yana cewa, "Hajiya, yaya ƙasar Faransa?" Haka muke kiran Nijar. Matan unguwa kuwa ba sa tashi daga ɗakina sai sun ji yadda na ƙetare iyaka alhali an ce a rufe take. Kullum sai in ba su labarin jaki, su yi dariya su tafi. Na gaji da tsayawa a kan jakin nan. Shi ya sa na ce bari in ba da labarin tafiyar tun daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, ni kuma a ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Asabe, abinci nake sayarwa a Fagge. Ban taɓa zuwa Makka ba, jikina ne ya jawo mini Hajiya. Mace ce ni mai jiki, ba na ɓoyewa don ba ya ɓoyuwa. Mahaifiyarmu mutumiyar Damagaram ce, mu biyu ta haifa. Ni aka ba gwaggona riƙo a Kano tun ina ƙarama, Yaya Falmata ta zauna can, ta yi aure a Gafati, wani ƙauyen manoma kusa da birnin. Rabona da ita tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma a lokacin ta fi ni cika ƙofa. Wani fatake mai kai goro can shi ya kawo mini saƙo cewa tana kwance a asibiti, ƙari ya fito mata a ciki, ana so a yi mata aiki.

Mun ji labarin fari, mu ma ya taɓa mu, amma a Kano in kana da abin hannu tukunyarka ba ta kwana a kife. Na haɗa tsaraba: buhun gero, turmin atamfa, turaren wuta, man shafawa, da kwalli. Atamfar ma sai da na zaɓi mai manyan zane, wai ita ke yi wa mace mai jiki kyau.

A tasha kwandasta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ke da wa?" Na ce ni kaɗai. Ya ce, "To, kujera biyu." Na saba da wannan, na zage shi ya zage ni cikin raha, muka kama hanyar Daura. Daga Kazaure na fara ganin farin da idona. Dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye, ba wanda ya ko damu ya sare karan. A gefen titi kuwa mutane ne ke tafe a jere, mata da ƙunshi a ka, tsofaffi da sanda, wani na jan akuya ɗaya. Kowa kudu ya nufa, mu kaɗai muke yin arewa.

A Kwangwalam, bakin iyaka, aka ce mana ba shiga ba fita. Wata mai sayar da ƙosai ta sauke ni a gidanta, ita ta haɗa ni da wani mai jaki da ke bi da mutane ta cikin gonaki da tsakar rana, lokacin da zafi ke korar masu kaki zuwa inuwa. Ya yarda zai kai ni da akwatina, amma da ya ga buhun gero sai ya ja da baya. Ya ce in aka kama shi da mutum faɗa za a yi masa, in aka kama shi da hatsi jakin za a karɓe. Na yi magiya, na yi kuka, ya ƙi. Haka na bar geron a ɗakin mai ƙosai, na wuce da turare da kwalli zuwa wurin masu jin yunwa.

Ga labarin jakin da kuke so. Dabba ce da za ka iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Aka kai ni kan wani kututture na hau. Jakin ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya yi wani dogon nishi, sannan ya durƙusa a hankali kamar mai neman gafara, na gangaro ta wuyansa na zube cikin yashi. Mai jakin bai yi dariya ba, da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce, "Hajiya, ki yi masa haƙuri, tun jiya takarda ya ci." Da ƙafa na shiga Nijar, jakin na gaba da akwati, ni ina baya ina haki.

A ɗaya ɓangaren jandarma, wato 'yan sandansu na kan hanya, suka tare mu. Ɗaya ya yi mini Faransanci mai tsawo, da ya ga na saki baki sai ya koma Hausa tsantsa irin ta Kano, ya tambaye ni ina za ni. Na ce jinya. Ya ce Allah ya ba da lafiya, har ya tsayar mini da kamyo, babbar motar kaya ke nan a bakinsu. Aka taru aka tura ni sama, mutum biyu na ja, uku na turawa.

A Matamaye motar ta tsaya shan ruwa. Yunwa ta kama ni, na kwance guzurina na soyayyar kaza. Ban kai loma baki ba na ji wurin ya yi tsit. Ba wanda ya roƙe ni. Kowa ya kau da kai gefe don kada ya kunyata ni, wannan kau da kan ne ya hana ni haɗiya. Na miƙa wa matar da ke kusa da ni na ce ta raba. Bayan an gama ta sa yatsa ta taɓa damtsena, ta ce, "Daga ina?" Na ce daga Kano. Ta ce, "Ai na gani." Daga nan har Damagaram mayafi na ja na rufe hannuwana, duk da zafin da ake yi. Gawar shanu kuwa tun ina nunawa har na daina.

Damagaram gari ne na duwatsu, manya-manya, a tsakiyar gidaje. Na tambayi hanyar asibiti, aka ce, "Likita za ki?" Ashe can ginin ake kira likita, mai dubawar kuma lokotoro. Na shiga ɗakin mata ina bin gadaje ɗaya bayan ɗaya, ina neman mace mai cika gado. Na kai ƙarshen ɗakin na juyo. Sai na ji wata siririyar murya a bayana.

"Asabe, wuce ni za ki yi?"

Na riga na dubi gadon nan, na ɗauka wata tsohuwa ce. Ba abin da ya rage na Yaya sai idanu da wushirya. Wuyan hannunta bai fi muciyar miya ba, cikin kawai ya taso a ƙarƙashin zane. Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, ita kuwa tana shafa bayana tana dariya. "Lale, lale. Kai, masha Allah! Zara, zo ki ga innarki. Kano ta karɓe ki, Asabe."

Zara ita ce 'yarta tilo, matar aure mai 'ya'ya, mijinta ya tafi ci-rani tun da damina ta ƙi. Mijin Yaya ya daɗe da rasuwa, saboda haka jinyar duk a kan Zara take. Na buɗe akwati na fito da tsarabata, ina ba da labarin geron da na baro. Yaya ta rungume atamfar ta ce ba ta taɓa ganin mai kyanta ba. Na san ko an ninka ta biyu sai ta zagaye ta har da saura.

Babban ma'aikacin jinyar ɗakin, wanda suke kira Majo, wani dogo ne mai jan haƙora saboda goro, ba shi da haƙuri amma ba shi da mugunta. Ya ja ni baranda ya yi mini bayani.

"Hajiya, oparasiyon ba wuya. Lokotoro ya sha cire irin wannan ƙarin. Abin da ke bayan aikin shi ne magana. In an ɗinke mutum sai ya yi kwanaki bai ci ba, jikinsa zai koma yana cin abin da ya ajiye. Wanda ya zo da ajiya ya tashi. Wanda ya zo ba komi, ko zare ba ya samun naman da zai kama. Bana ba cuta ke ɗauke mana mutane ba, ramar da suka zo da ita ce."

Muka koma ciki ya nuna mini. Ya miƙa wa Yaya yatsunsa biyu ya ce ta matse, ta matse, ya zare su ba tare da ya ja ba. Ya ce ta tashi zaune ba dafawa, ta yunƙura ta koma. Ya ce mini ba ƙiba kawai suke nema ba, akwai mai ƙiba da ba ya iya ɗaga kai daga matashi, shi ma suna jin tsoron kai shi ɗakin aiki. Amma ita ba nama ba ƙarfi. Aka tallafe ta aka ɗora a sikeli, ya ɗauki alli ya ɗiga a gaban inda allurar ta tsaya. Ya ce ranar da allura ta taɓa allin nan za a yi aiki. "Muna ba ta abin da ya samu. Ku naku ku sa ta ci."

Masaukina a Birni yake, tsohuwar unguwar da ke kewaye da fada, a gidan wata tsohuwa dangin mijin Yaya, inda Zara ke kwana. Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki a garin. Ruwa ya fi komai daraja, 'yan ga-ruwa ke kawo shi, wanka kuwa da buta ɗaya ake yi, ni da buta ɗaya ba ta gama mini baya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, da tauri. Da rana ta take ma'aikata su rufe buro, wato ofis, su tafi gida barci sai la'asar, abin da in ka yi a Kano za a ce ba ka son arziki. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, tsofaffi kan haɗa da Barbarci, wushe wushe, har ka rasa inda za ka sa baki. Kuɗinmu kuma ba ya ci a can a lokacin, masu canji duk sun janye hannu.

Amma abin da ya fi bambanta shi ne yadda suke da baƙo. Mu ma muna karrama baƙo, sai dai bayan kwana biyu mun miƙa masa tsintsiya. Su kuwa ɗaki aka ware mini, ba na ɗaukar ko ludayi, abinci a rufe ake kawo mini in ci ni kaɗai. Da yamma tuwon jar dawa ta taimako da miyar kuka ba mai. Mutanen gidan a ɗaka suke cin nasu. Sau ɗaya na leƙa na ga abin da ke kwanonsu, wasu 'ya'yan itace kamar wake. Dilo ne, 'ya'yan anza, da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa don ɗacin ya ragu. Na ɗanɗana ɗaya, sai da na nemi inda zan tofar a ɓoye.

Da safe kuwa Zara ke kawo mini kunu. Kunu mai kauri, fari sol da madara, ga sukari, har da ɗan maiƙo a sama. Na tambaye ta ina suka samu madara a wannan marra. Ta ce ɗan tsohuwar gidan ma'aikaci ne, shi ke aiko musu. Na ce Allah ya yi masa albarka, na shanye. Kullum sai na shanye har in sa yatsa in suɗe kwanon.

In na je asibiti na tambayi Yaya ko ta ci, sai ta ce tun da safe. In na ga Zara ta doso da kwano kuma sai in fita baranda, don na san babba ba ya son ƙaninsa ya tsare shi da ido yana ci. Na ce zan riƙa dafa mata da kaina, ta ce baƙuwa ba ta hura wuta a wurinta, Zara ta ƙara da cewa lokotoro ya hana abincin waje. Na yarda, don yardar ba ta da wahala. Wata rana ma, da bakin nan nawa, a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, na ce, "Yaya, ashe mutane da ƙarin gishiri suke. An ce mana Damagaram ba a ɗora tukunya, ga ni kullum da kunun madara." Matan ɗakin suka dubi juna. Fuskar Yaya kuwa ta cika da murna, ta ce, "Yana miki daɗi?" Na ce ko a Kano ban sha irinsa ba.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata Buzuwa, Gaisha, wadda aka cire wa ƙari irin na Yaya kafin in zo. Tana samun sauƙi, har tana zagaya ɗakin tana tsokanar mutane. Fatar damtsenta na reto kamar hannun riga. Ita ta ba ni labarin al'adarsu, cewa a gidan masu raƙuma yarinya ɗura ake yi mata da nono har ta cika, don ramar mace abin kunya ne ga ubanta. Ta ce, "Uwata ta matse mini yatsun ƙafa ina kuka tana ɗura mini. Na tsane ta a lokacin. Raƙuma sun mutu, awaki sun mutu, muka tako da ƙafa har nan. Nonon nan da ta ɗura mini shi na sake sha bana, shi ya fito da ni daga ɗakin wuƙa." Ta kama damtsena ta girgiza. "Ke ko sau biyu aka yanka ki tashi za ki yi."

Ranar awo ta zagayo. Muka tallafi Yaya muka ɗora ta. Allurar ba ta matsa gaba ba, baya ma ta ja. Majo ya duba, ya buga sikelin da ƙafa, ya sake dubawa. Sai ya juya kan Zara da faɗa.

"Ina madarar da nake ba ki? Ina sukari, ina mai? Mata nawa na hana don uwarki ta samu! Kasuwa kike kaiwa?"

Zara ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a ƙasa. Yaya na cewa, "Majo, na sha, wallahi ina sha." Sai Gaisha ta yi magana daga kan gadonta, a hankali, ba da fushi ba.

"Majo, bar yarinyar nan. Madararka ba ta je kasuwa ba. Ga ta can a tsaye."

Ta nuna ni da leɓe.

Na sha jin kunya a rayuwata, mai jiki ba ya rabuwa da ita. An yi mini dariya a tasha, kujera ta karye da ni a gidan biki. Duk wannan wasa ne. Mata sun fi ashirin a ɗakin nan, kowace ƙashi da fata, kowace ta juyo tana dubana, ni kuma ina tsaye a tsakiya na cika hanya, da maiƙon kunun safiyar nan a leɓena. Ba inda zan ɓuya. Majo ya dube ni, ya fita.

Na zauna a bakin gadon, na ce, "Yaya, me ya sa? Me na yi miki?"

Ba ta ko ji nauyi ba. Ta ce, "Shekara nawa rabonki da cin abin hannuna? Kin ƙetaro ƙasa da ƙafa saboda ni, sai in sa a ba ki dilo? Abin da akuya ke ƙi?"

"Ai ba ci na zo yi ba! Dube ni, Yaya. Ko wata na yi ban ci ba, me zai same ni?"

"Wannan ke ta shafa. Ni ce babba. Tun kina goye nake tauna abu in sa miki a baki, ba yau na fara ba." Ta juya ga Zara. "Ke kuma share hawayenki, ni na sa ki."

A ranar na cire 'yan kunnena, na haɗa da atamfar da turaren, na kai kasuwar Zango. Na sayo hanta da ƙwai da shinkafa da man gyaɗa, na kafa murhu a gindin bishiya a farfajiyar asibiti inda 'yan jinya ke girki. Na ce wa Zara ta kwaso mini kayana daga Birni, na gama baƙunta. Madarar Majo kuwa ni nake damawa, ni nake kaiwa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe Yaya ba za ta ci ina kallo ba. In na kai cokali bakinta sai ta datse haƙora ta ce, "Sa hannu." In na ce na ƙoshi, ta ce ita ma ta ƙoshi. Na yi faɗa, na yi lallashi, Majo ya yi barazanar korata daga ɗakin, duk a banza. Dole sai na kai loma bakina sannan ta karɓi tata. Haka na koma ina cin abincin marar lafiya a gaban ɗaki guda, wannan karon ido buɗe. Na koyi ɗibar ƙwayar shinkafa biyu ina tauna iska, ita kuma tana lura, in ta kama ni ta ture kwanon. Ko da ta yarda ta ci ma, cikin ya riga ya tsuke, ga ƙari ya tokare shi. Loma kaɗan sai ta ce ya isa. Ragowar in bi gadaje in raba. Na yi shekaru ina cika cikin 'yan dako, na kasa cika cikin mace ɗaya.

A awo na gaba allurar ta motsa. Ta matsa har ta kusa allin. Zara ta rangaɗa guɗa, ni na rungume Gaisha har ta yi ƙara. Majo bai yi murna ba. Ya durƙusa ya ɗaga zanen Yaya, ya danna babban yatsansa a ƙaurinta, ya ɗauke. Ramin yatsan ya zauna bai taso ba. Ya ce, "Ruwa ne, Hajiya. Kumburi ne, ba nama ba." Ya miƙa mata yatsunsa ta matse, ya zare su kamar yadda ya zare a ranar farko.

Ba a kai ga wani awon ba. Wata safiya Yaya ta fara amai, ko ruwa ba ya wucewa, cikin ya yi tauri. Lokotoro ya zo ya duba ya ce ƙarin ya toshe hanji, jira ya ƙare. In an bari tafiya ce tabbas, in an yi aiki akwai ɗan rabo. Da za a gungura ta ɗakin aiki, ta kama hannuna, ta dubi ƙafafuna, ta yi murmushi.

"Da ana ara, Asabe, da kin ara mini cinya ɗaya."

Na ce, "Wallahi da yanzu na kwanta an yanka."

Ta ce, "Na sani. Ki yafe mini wahalar hanya."

Aikin ya yi kyau, haka aka ce mana, kuma gaskiya ne. An cire ƙarin, ta farfaɗo, ta gane mu, har ta tambayi jikokinta. Na fara tunanin irin farfesun da zan yi mata. Amma kwanaki suka wuce ɗinkin bai kama ba, kullum aka buɗe sai a same shi yadda aka bar shi. Tari ya zo, ba ta da ƙarfin yin tarin. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi fama ba, raguwa kawai take yi. Ranar da aka sallami Gaisha, ta fita da ƙafafunta tana yi wa ɗaki sallama, ranar ce bayan azahar Yaya ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce ba wanda zai ɗauke ta daga gadon sai ni. Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, na tattara ƙarfina irin na mai ɗaga mutum. Da na yunƙura sai da na kusa faɗuwa ta baya, don ba ta da nauyin komai.

A Gafati aka binne ta. Ƙauyen rabinsa a rufe yake da ƙaya, masu gidajen sun yi kudu, rumbuna duk a buɗe. 'Yan tsirarun da suka rage suka zo gaisuwa, kowa ya zauna sai ya ce mini an gode, an ce na sayar da 'yan kunnena saboda 'yar'uwata. Ban san ko labarin kunun bai iso ba ne, ko ya iso suna rufa mini asiri. Na fi zaton na biyun, don ba wanda ya haɗa ido da ni yana faɗa. Na roƙi Zara ta kwaso yaranta mu tafi Kano, ta ce ba za ta bar gida ba sai mijinta ya dawo ya same ta.

Ita ta rako ni tasha a Damagaram. An riga an tura ni saman kamyo sai ta miƙo mini wani ɗan ƙulli a tsumma. Na taɓa na ji laushin gari, na san garin madarar Majo ne. Na ture hannunta na ce ta kai wa yara, don Allah, don Annabi.

Ta ce, "Inna, wasiyya ce. Tun kafin asiri ya tonu, ta sa na riƙa ɗiba ina ajiyewa, wai guzurinki na komawa. Ranar da za a shiga da ita ta sake tuna mini. In kin ƙi karɓa, ita kika ƙi."

Na karɓa. Direba ya tayar da mota. Zara ta biyo gefen motar tana ɗaga murya don in ji.

"Ta ce kuma in mutanen Kano sun tambaye ki, ki gaya musu ba ki kwana da yunwa a wurinta ba!"

To, ga shi na gaya muku. Ban kwana da yunwa ba, ko sau ɗaya.